Kunkurun ruwa ya daina ci, idanunsa sun kumbura: magani ake nema ko gida?

Maman Hanif: Assalamu alaikum 'yan uwa. Don Allah masu kiwon kunkurun ruwa ku taimaka mini da shawara. Kawun yarona ne ya kawo masa wani ɗan ƙarami kyauta, irin koren nan mai jan zane a bayan ido, bai kai tafin hannun yaro ba. Mai sayarwa ya haɗo da 'yar roba mai tudu a tsakiya, ya ce ruwa kaɗan da busasshen jatan lande sun ishe shi. Da farko ci yake yi babu kama hannun yaro. Yanzu ya daina, idanunsa sun kumbura ko buɗe su ba ya yi, kuma in na danna bayansa da yatsa sai in ji ya lotsa. Wane magani zan nema?

Abba Sadiq: Wa alaikumus salam Hajiya. Ki samu maganin ɗigawa a ido irin na yara ki riƙa ɗiga masa safe da yamma. Kunkuru ai taurin rai gare shi, zai warware.

Dakta Rabi: Abba, don Allah a'a. Kada a ɗiga masa maganin mutane ba tare da likitan dabbobi ya gan shi ba. Maman Hanif, kafin a yi maganar magani ki amsa mini tambaya uku. Ruwan ya kai zurfin me? Akwai inda yake hawa jikinsa ya bushe ƙarƙaf? Rana tana taɓa shi, ko akwai fitila a kansa?

Maman Hanif: Dakta, ruwan iya inda zai rufe bayansa ne. Tudun da ke tsakiya yana hawa, amma kullum a jiƙe yake. Robar tana kan tebur kusa da taga, hasken rana yana shigowa ta gilashi da safe. Fitila kam babu.

Dakta Rabi: To ga ciwon nan kin zayyana shi da bakinki. Kumburin ido a wurin waɗannan dabbobi yawanci daga abu biyu yake zuwa: ƙarancin bitamin A, ko ruwa mai datti, sau da yawa ma duka biyun a haɗe. Busasshen jatan lande ba abinci ba ne, abin marmari ne, ba shi da bitamin ɗin da yake buƙata. Laushin baya kuwa ya fi ba ni tsoro. Ƙoƙon kunkuru ƙashi ne, haƙarƙarinsa da ƙashin bayansa ne suka haɗe suka zama shi. Ba zai yi ƙwari ba sai da kalsiyam, kuma jikinsa ba zai iya amfani da kalsiyam ba sai da bitamin D3, wanda fatarsa ke samarwa idan wani sashe na hasken rana da ake kira UVB ya taɓa ta. Gilashin taga yana tare wannan hasken kusan gaba ɗaya. Ke kina ganin haske, shi kuwa a wurinsa babu rana. Ɗan da bai daɗe da ƙyanƙyashewa ba akan ji bayansa da ɗan laushi, wannan ba komai ba ne, amma in har yana lotsawa ga kuma rashin ci ga kumburin ido, a kai shi a duba shi a makon nan. Sai dai ki sani, ko allura goma aka yi masa aka mayar da shi cikin wannan roba, ciwon zai dawo.

Malam Nuhu: Dakta ta gama magana. Bari in ɗora da batun mazubi, domin nan ne masu sayarwa suke rufe mutane. Wannan mai jan kunne asalinsa daga kudancin ƙasar Amurka ne, yankin kogin Misisifi har zuwa arewacin Meziko. Ɗan mitsitsin da kike gani, in mace ce ƙoƙonta zai iya kai santimita 25 zuwa 30, in namiji ne ya tsaya wajen 20. Shekarunsa kuma 20 zuwa 30 in ya samu kula, wasu ma sun wuce haka. Wato Hanif zai iya yin aure kunkurun nan yana nan daram.

Lissafin da masu kiwo suka saba yi shi ne lita 15 na ruwa ga kowace santimita ɗaya ta tsawon ƙoƙo. Mai santimita 5 yana son lita 75. Babbar mace kuwa sai tankin da ya haura lita 400. Zurfin ruwa ya kai aƙalla ninki ɗaya da rabi zuwa biyu na tsawon ƙoƙonsa. Mutane suna tsoron kada ya nutse, alhali ruwa mara zurfi ne mai haɗari: in ya kife a ciki ba shi da sararin juyowa, shi kuwa da huhu yake numfashi. Ba dole sai akwatin gilashi ba. Babbar robar ajiye kaya ko baho mai faɗi yana yi, shi bai damu da kyan gani ba, mu ne muka damu.

Abba Sadiq: Lita 400 saboda kunkuru? Malam ai sai a gina masa ɗaki da falo kawai. Ni dai na ji an ce girman mazubinsa yake bi, in ka bar shi a ƙarami ba zai girma ba.

Malam Nuhu: Wannan maganar ita ta fi kashe su, Abba. Ba ƙin girma yake yi don ya ga wuri ya yi kaɗan ba, tsumburewa yake yi saboda ciwo da yunwa. Yawancinsu ma mutuwa suke yi kafin su kai girman, sai mai shi ya ɗauka dama haka irinsu yake.

Baba Isa: Ni fa yaran nan kuna ba ni mamaki. Kififiya tun da aka halicce ta a kududdufi take, ba fitila ba hita ba ma'aunin zafi, ruwan ma ja wur da laka, kuma tana rayuwa har ta tsufa. Yanzu kun zo kun ɗora wa baiwar Allah nan lissafin lita da santimita. Ku bar ta ta sa masa ruwa ta ba shi abinci, rai na Allah ne.

Anti Zainabu: Baba Allah ya ƙara girma, ai maganarka ita ce hujjarsu. Ta kududdufi tana da rana tsirara daga safe har yamma, tana da kututture ko dutsen da za ta hau ta bushe, tana da ruwa mai yawa da ba ta isa ta ɓata shi da kashinta ba, ga ciyawa ga ƙwari ga katantanwa ta zaɓi wanda take so. Jan ruwan kududdufi laka ce, ba guba ba. Ruwan 'yar roba kuwa ko da ya yi garau a ido, cike yake da abin da dabbar ta fitar. Duk wannan kaya da ake lissafawa ƙoƙari ne na a mayar masa da abin da aka raba shi da shi lokacin da aka shigo da shi ɗaki.

Baba Isa: To 'yata na ji. Amma in rana ce matsalar, me ya hana a fitar da shi waje? Rana kyauta ce, ba sai an sayi wani ƙwai ba.

Malam Nuhu: A nan kam Baba da gaskiyarka, babu fitilar da ta kamo rana. Wanda ke da fili, kuma yanayin inda yake akwai ɗumi, baho a waje ya fi komai. Amma da sharaɗi. Rabin bahon ya kasance a inuwa koyaushe, a lura kuma inuwa tafiya take yi, inda ke da inuwa da hantsi da azahar ya zama rana. Ruwa kaɗan a roba ko gilashi in rana ta buɗe masa yakan yi zafin da zai kashe ɗan kunkuru cikin ɗan lokaci. Sannan a rufe sama da ragar waya, domin kyanwa da hankaka da ɓera duk suna ɗaukar ƙananan. Kuma kada a raina shi wajen hawa, in ya samu abin da zai maƙale farce sai ka wayi gari ba ya nan.

Wanda zai ajiye a ɗaki kuma fitila biyu yake buƙata a kan wurin shan ɗumi. Ɗaya ta zafi, ƙwan lantarki irin mai ɗaukar zafi ya isa, a daidaita nisansa har saman tudun ya kai digiri 30 zuwa 35. Ɗaya kuma ta UVB wadda aka yi musamman don dabbobi masu rarrafe, kada gilashi ko roba ya shiga tsakaninta da shi. A kunna su awa 10 zuwa 12, da dare a kashe. Abin da mutane ba su cika sani ba, ƙwan UVB yana ci gaba da haske bayan ƙarfinsa ya ƙare, shi ya sa ake canza shi bayan wata 6 zuwa 12 gwargwadon irinsa. Ni ranar da na ɗaura shi nake rubuta kwanan wata a jikinsa da alƙalamin maka. Ruwa kuma ya tsaya wajen digiri 24 zuwa 26 ga babba, ƙarami ko mara lafiya a ɗaga zuwa 27 ko 28. Jikinsu ba ya samar da zafi da kansa, in ruwa ya yi sanyi cikinsu ba ya narka abinci, sai su daina ci. In za a sa hita a sa mai murfin kariya, domin suna fasa ta gilashi.

Ummi: Malam don Allah tudun da me ake yi? Nawa na jera masa duwatsu sai ya riƙa ture su.

Malam Nuhu: Duwatsun da aka jera suna iya ruftawa su danne shi a ƙarƙashin ruwa, ki kwashe. Falalen dutse guda ɗaya a kan bulo, ko katako mai kauri da aka ɗaure kada ya juya, da gangara mai kaushi da zai kama da farce. Gwajin shi ne ki ɗaga shi bayan ya jima a kai ki taɓa ƙirjinsa. In a bushe yake, tudun ya yi. In ka ga ya miƙe wuya ya baje ƙafafun baya har yatsun sun ware, to wurin ya yi masa daɗi. Sannan ki kwashe ƙananan tsakuwa in kin zuba a ƙasa, haɗiye su suke yi su toshe hanji. Ko a bar ƙasan fayau, ko duwatsun da suka fi kansa girma.

Maman Hanif: Na gode ƙwarai. To ruwan fa? Ni kullum nake zubarwa in wanke robar da sabulu in zuba sabo daga famfo, amma kafin yamma ya fara wari.

Anti Zainabu: Sabulun ki bar shi, 'yar uwa, ruwan ɗumi da soso na daban sun isa. Warin kuma ba laifinki ba ne. Ki ɗauka mutum ne aka kulle a ɗaki guda, nan ne kicin nan ne makwanci nan ne banɗaki, kuma daga nan zai sha ruwa. Kashinsa da ragowar abinci suna ruɓewa su zama ammoniya, ita ce ke ƙona masa ido da fata. Shi ya sa ake sa injin tace ruwa a tankin, kuma aikinsa ba kwashe datti kaɗai ba ne. A cikin sosonsa wasu ƙwayoyin halitta masu amfani suke zama, su juya ammoniya ta zama abin da ba shi da haɗari sosai, wanda ake ragewa da canjin ruwa. Sukan ɗauki makonni kafin su yi yawa. Shi ya sa ba a wanke soson da ruwan famfo, kilorin zai kashe su a koma farko. A ɗebi ruwan tankin a bokiti a matse shi a ciki. Kuma a sayi injin da aka rubuta zai iya da ninki biyu ko uku na ruwanki, domin lissafin da ke jikin kwali na kifi ne, kunkuru kuwa ya fi kifi ƙazanta nesa ba kusa ba. In akwai inji, kashi ɗaya cikin huɗu zuwa rabin ruwa ake canzawa duk mako, a zuƙe na ƙasa da tiyo. Sabon ruwan a ɗiga masa maganin cire kilorin da ake sayarwa don kifi, kuma zafinsa ya yi kusa da na tsohon.

Wata dabara, wasu suna ciyar da shi a wata roba daban da ɗan ruwa, in ya gama a mayar da shi. Tankin yana daɗewa da tsabta.

Malam Nuhu: Wannan dabarar ni ban cika sonta ba, Anti. Wasu in ka ɗaga su sai su tsorata su ƙi ci, balle wanda dama ba shi da lafiya. Gara a ba shi a inda ya saba a kwashe ragowa da raga.

Anti Zainabu: Nawa da ya ga robar ci ma yake fara fafutuka da ƙafa. Hali ne, kowa da irin nasa. Amma ga mara lafiya na yarda a bar shi a wurinsa.

Abba Sadiq: To ni tambayata, me ya sa ba za a aje masa abincin a kan tudu ba, ruwan ya huta?

Dakta Rabi: Ba zai iya haɗiyewa ba, Abba. Irin wannan sai a cikin ruwa yake ci, ko ya ɗauka a tudu sai ya ja ya koma ruwa da shi. Tunda an shigo abinci: ginshiƙin ya zama ƙwayar abincin kunkurun ruwa da ake sayarwa a gwangwani, don an haɗa ta da bitamin da kalsiyam. Awon da aka saba shi ne abin da zai cika girman kansa ban da wuya. Ƙarami kullum, babba sau ɗaya a kwana biyu ko uku. Ƙananan sun fi son nama, in suna girma sai su karkata ga ganye, har ganye ya zama rabi ko fiye na abincin babba. Latas mai duhun kore, kainuwa, kankararren karas saboda bitamin A. Alayyahu kada ya yi yawa, yana da sinadarin da ke riƙe kalsiyam. A ba shi tana da gyare da katantanwa jefi-jefi, amma ba daga inda aka yi feshin maganin ƙwari ba. Ban da burodi, ban da madara, ban da duk abin da ya ji gishiri ko mai. Tsokar nama zalla ma ba ta da kalsiyam ɗin kirki, kada ta zama abincin kullum. A jefa masa farin ƙashin nan mai taushi da ake rataya wa tsuntsayen keji, a kankare ɓangaren mai tauri, zai riƙa gutsura.

Kuma ku yi hattara da roƙonsa. Da ya ga mutum zai taso yana buga gilashi kamar ya kwana bai ci ba, ko yanzu ya gama. In ka ga nama ya tultulo ta gefen ƙafafu ya kasa mayar da su ciki, ƙiba ce.

Shugaban Zaure: Jama'a kuna ta lafiyar kunkuru, ba wanda ya yi maganar lafiyar yaron. Dakta ki ce wani abu.

Dakta Rabi: Allah ya saka da alheri, Shugaba. Kunkuru yana ɗauke da ƙwayar cutar salmonela a hanjinsa da jikinsa da ruwansa, shi lafiyarsa ƙalau, amma mutum ta sa shi zawo da zazzaɓi. Ba a gane mai ita da ido, don haka a ɗauka kowanne yana da ita. Saboda wannan ne hukumar kula da abinci da magunguna ta Amurka ta haramta sayar da kunkurun da ƙoƙonsa bai kai inci 4 ba, wato wajen santimita 10, tun 1975, domin yara suna wasa da ƙananan har su kai baki. Wanke hannu da sabulu bayan an taɓa shi ko ruwansa. Kada a wanke kayansa a inda ake wanke kwanuka. Yaro ƙasa da shekara 5, mai juna biyu, tsoho da wanda jikinsa ba ƙarfi, su kalla da ido kawai. Maman Hanif, shekarar yaron nawa?

Maman Hanif: Bakwai, Dakta, amma yana da ƙanwa mai rarrafe. Gaskiya jikina ya yi sanyi. In abin ya fi ƙarfina ba sai in kai shi rafi in sake shi ba? Ai ya fi masa ma.

Baba Isa: Yauwa, ita ce maganar da nake jira. A mayar da shi inda ya fito kowa ya huta.

Malam Nuhu: Baba ka yi haƙuri, inda ya fito sai an tsallake teku. Wannan ba ɗan ruwan ko'ina ba ne, kuma in ya samu wuri mai ɗumi korar 'yan gida yake yi, ya ƙwace musu wurin shan rana da abinci, ya cinye ƙananan kifi da 'ya'yan kwaɗi. Ƙungiyar kare halittu ta duniya, IUCN, ta sa shi cikin jerin halittu 100 da suka fi ɓarna in suka shiga ƙasar da ba tasu ba. Tarayyar Turai ta hana shigo da shi tun 1997, a 2016 kuma ta hana sayar da shi da hayayyafa shi da sakinsa. Abin da ya jawo shi ne irin wannan tunani: mutane suka yi ta saye lokacin da wani katun na kunkuru masu faɗa ya yi tashe, da suka girma suka fi ƙarfin gida sai aka riƙa zubarwa a tafkuna, har yau ana ganinsu a Ingila. Banda wannan ma, na Maman Hanif idonsa a rufe bayansa da laushi, sakinsa a rafi miƙa shi ne ga tsuntsu. In ba za ki iya ba, ki nemi mai kiwo da ke da wuri ki ba shi, ko a nan zauren ma ba za a rasa ba.

Baba Isa: To ni dai har yanzu ina ganin wahala ce kuka ɗora wa kanku. Amma na yarda kada a sake shi.

Ummi: Tunda ana magana, nawa ɓawon bayansa yana ɓallewa siriri-siriri kamar farce. Shi ma ciwon ne?

Dakta Rabi: In siriri ne ana ganin haske ta cikinsa, kuma na ƙasa yana da tauri da tsabta, saɓa ce yake yi, alamar girma. Kada ki ɓanɓare da hannu. Wanda ake tsoro shi ne tabo mai laushi, ko rami, ko wari, ko ja kamar jini ya kwanta, wannan ruɓewar ƙoƙo ce kuma yawanci rashin bushewa ke kawo ta. Sauran alamun da ba a jira da su: kumfa a hanci, buɗe baki yana numfashi, ko ya riƙa iyo a karkace gefe ɗaya ya fi nutsewa. Wannan ciwon huhu ne, sai likita. Kada kuma a shafa masa fenti ko mai a baya, ko a huda don ɗaura igiya. Yana jin zafi a wurin.

Abba Sadiq: Shi kaɗai ba ya jin kaɗaici? Ni da zan yi sai in sa biyu, in ƙara musu kifi masu launi.

Anti Zainabu: Kifin kam ka saya masa abinci mai tsada kawai, Abba, a hankali zai bi su ɗaya bayan ɗaya. Kaɗaici kuma ba ya damunsa. Maza biyu cizon juna suke yi, wutsiya da yatsu suna tafiya. Namiji da mace kuwa ba zai bar ta ta sarara ba. In ka ga ya zo gabanta yana karkaɗa dogayen faratansa a fuskarta, neman aure ne.

Ummi: Ashe ta farce ake gane namiji da mace? Nawa gajeru ne.

Anti Zainabu: Sai ya kai wajen santimita 10 ake iya tabbatarwa. Namiji faratan gaba dogaye, wutsiya doguwa mai kauri. Mace gajerun farata, wutsiya ƙarama, jiki ya fi girma. In naki mace ce ki shirya, in ta balaga tana iya yin ƙwai ko ba namiji. Za ki ga ta daina ci, tana ta neman fita, tana tona da ƙafafun baya. A lokacin ki tanadar mata akwati da yashi haɗe da ƙasa mai ɗan danshi, zurfinsa ya kai tsawon ƙoƙonta, ki sa ta ciki a wuri mara hayaniya. In ba ta samu inda za ta binne ba tana iya riƙe ƙwan a ciki, wannan kuwa yana kai wa ga tiyata.

Ummi: In ta yi su a cikin ruwa fa?

Anti Zainabu: Ki kwashe da wuri kafin ta fasa su ruwan ya lalace. Amma ki ci gaba da sa ido, don ba lallai ta fitar da su duka ba. In bayan kwana biyu ko uku ba ta koma ci ba, a kai ta a yi mata hoto.